Jinin Jariri Ne, a Bar Masa Kayansa: Lacca kan Lokacin Ɗaure Cibiya

Iyayenmu ungozomomi da kuka taso tun daga Rimaye da Kafin Soli da Sukuntuni da Gyaza, da ku da kuka zo daga Kusada da Yashe da Mawashi da Kaikai, sannunku da hanya, Allah ya saka da alheri. Malamai da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta nan Kankiya, da abokan aikina na babban asibiti da ƙananan asibitocin karkara, barkanmu da war haka.

Maganar da ta tara mu yau ba ta wuce ta minti 1 zuwa minti 3 ba, wato ɗan lokacin da ke tsakanin faɗowar jariri da ɗaure masa cibiya. Da yawa daga cikinmu da muka yi karatun asibiti an koya mana cewa da jariri ya fito sai a matse cibiya a wuri biyu, a sa almakashi, a ɗauke shi. Hannu ya saba, har ba ma tambayar kanmu dalili. Ina so kafin mu tashi kowa ya san abin da ke gudana a cikin igiyar nan a wannan ɗan lokaci, da abin da jariri ke rasawa in aka katse shi.

A cikin igiyar cibiya akwai jijiyoyin jini 3. Guda 2 suna kwashe jini daga jikin jariri zuwa mabiyiya, guda 1 babba tana dawo masa da shi ɗauke da iska da abinci. Jinin da ke zagayawa a cikinsu, har da wanda ke cikin jijiyoyin mabiyiyar kanta, na jariri ne. Jikinsa ne ya yi shi, kuma bai gauraya da na uwa ba. Ina nanata wannan domin akan ji ana cewa jinin cibiya dauɗa ne, ko kuma jinin haihuwa ne da ya kamata ya zube. Wanda ya ɗauke shi a matsayin dauɗa ba zai ga laifin jefar da shi ba. A lokacin da cikin ya cika wata 9, wajen kashi ɗaya cikin uku na jinin jaririn yana cikin mabiyiya ne. Ga bakwaini kuwa abin yakan kusa rabi.

Yaro a ciki ba ya numfashi. Huhunsa cike yake da ruwa, jinin da ke bi ta cikinsa kaɗan ne, mabiyiya ce ke yi masa aikin huhu. Da ya fito ya ja numfashin farko ya tsala kuka, sai huhun ya buɗe, dubban ƙananan jijiyoyin da ke cikinsa su buɗe tare da shi, kowace tana neman jinin da zai cika ta. Daga ina jinin nan zai fito? Allah cikin hikimarsa ya ajiye shi a mabiyiya. Mahaifa tana matsawa, jaririn yana jan numfashi, jinin yana gangarowa ta babbar jijiyar nan. Ƙananan jijiyoyin cibiyar biyu sukan riga tsukewa, babbar ta ɗan jima a buɗe, don haka abin da ke shiga jikinsa ya fi abin da ke fita. In aka matse cibiya kafin wannan ya kammala, huhun ba zai fasa neman jini ba, sai dai ya jawo shi daga sauran gaɓoɓin jiki.

Masu bincike biyu, Alice Yao da John Lind, sun auna wannan jini a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, suka buga sakamakonsu a 1969. Abin da likitoci ke aiki da shi yau shi ne jariri yakan sami kimanin mililita 80 a minti na farko, ya kai wajen mililita 100 a minti na 3. Wani zai ce ai wannan ba yawa. To a tuna duk jinin da ke jikin jariri mai kilo 3 bai kai mililita 300 ba. In aka kwatanta da babban mutum, kamar a ce an hana shi leda 3 na jini ne. Duk wanda ya taɓa yawon neman mai ba da leda guda don matarsa ko ɗansa da tsakar dare ya san nauyin wannan magana.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne ba yau aka san haka ba. Tun a 1801 wani likitan Ingila mai suna Erasmus Darwin ya rubuta cewa ɗaure cibiya da wuri cutar da jariri ne, a bari sai ya yi numfashi sau da yawa kuma cibiyar ta daina harbawa. A 1875 Pierre Budin, wani matashin likita a Faris, ya auna jinin da ke saura a mabiyiya in an yi gaggawar ɗaurewa, ya sami wajen mililita 90. Amma da haihuwa ta koma asibiti a ƙasashen Turai da Amurka, sai gaggawa ta shigo. Ana so a ɗauke jariri a kai shi tebur a duba shi. Ana tsoron shawara. Daga baya kuma aka haɗa abubuwa uku wuri guda don hana mace zubar da jini bayan haihuwa: allurar da ke tsuke mahaifa, ɗaure cibiya nan take, da jawo mabiyiya a hankali. An gwada haɗin a birnin Biristol, aka buga a 1988, zubar jini ya ragu ƙwarai, duniya ta karɓa, aka zuba shi cikin littattafan da muka karanta. Sai da aka zo ana rarrabe abubuwan ukun ɗaya bayan ɗaya aka gane cewa allurar ce ke yin aikin, ɗaure cibiya da wuri rakiya kawai ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga cikin haɗin tun 2007, ta sake jaddadawa a 2012, sannan a 2014 ta fitar da ƙa'ida ta musamman: kada a ɗaure cibiya kafin minti 1, a bar ta tsakanin minti 1 zuwa 3, ko cikin ya cika ko bai cika ba, ko ta hanyar da aka saba aka haihu ko ta tiyata.

A nan zan juya ga iyayenmu ungozomomi. Inna, ke da ba kya sa reza sai kin ga mabiyiya ta faɗo, a batun lokaci ke ce a kan daidai. A gidajenmu ba a cika yin barka ba sai an tambaya ko uwar tafiya ta fito, kuma sau da yawa sai bayan nan ake aikawa a kira ki. Kafin ki iso cibiyar ta yi fari ta saki, jariri ya karɓi duk abin da zai karɓa. Ina faɗin wannan a gaban ɗalibai da gangan, don kada su fita da tunanin cewa duk abin da aka gada jahilci ne. Sai dai akwai inda al'adar ke kwashe da hannun hagu abin da ta bayar da na dama, kuma zan dawo kansa.

Me ya sa wannan jini ya fi muhimmanci gare mu fiye da mutanen Suwidin? Saboda sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jan jini da shi, ƙwaƙwalwa kuma ke buƙatarsa wajen girma. Nonon uwa ya fi kowane abinci ga jariri, amma ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne. Jariri yana rayuwar watanni 6 na farko ne da abin da ya fito da shi daga ciki. Kamar rumbu ne da aka cika da kaka, aka ce sai ya kai iyali wata kakar. In tun ranar girbi an bar dammuna a gona, to tun tsakiyar damina za a fara awo. Jinin nan na minti 3 yana ƙara wa jariri ƙarfen da zai ci na watanni.

Mu kuwa mun san halin da muke ciki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa shekara 5 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa. Uwa mai ƙarancin jini, ga haihuwa kusa da kusa, ga zazzaɓin cizon sauro daga Yuli zuwa Oktoba yana fasa ƙwayoyin jini, ga kokon gero zalla in an fara ba yaro abinci, ba nama ba ƙwai. Ku shiga ɗakin yara a kowane asibiti a jihar nan cikin watan Satumba ku duba tafin hannun yaran da ke kwance, ku ja fatar idonsu. Yaron da ya shiga damina da jini cikakke, da wanda ya shige ta da ma a rage, ba ɗaya suke ba in zazzaɓi ya kama su.

An gwada wannan, ba hasashe ba ne. A birnin Meziko an raba jarirai 476 gida biyu, wasu aka ɗaure cikin daƙiƙa 10, wasu bayan minti 2. Sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna waɗanda aka jinkirta wa sun fi ajiyar ƙarfe a wata na 6, kuma waɗanda suka fi amfana su ne 'ya'yan matan da su kansu ba su da isasshen ƙarfe, da jariran da aka haifa da ƙaramin jiki, da masu shan nono zalla. Ku duba jerin nan da kyau, 'ya'yanmu aka siffanta. A Halmstad ta Suwidin, Ola Andersson da abokan aikinsa sun bi jarirai 400, aka buga a 2011. A wata na 4, ƙarancin ƙarfe ya kama kusan 6 cikin 100 na waɗanda aka ɗaure wa da wuri, amma bai kai 1 cikin 100 ba a waɗanda aka bari minti 3. Da yaran suka kai shekara 4 aka sake duba su, aka ga waɗanda aka jinkirta wa sun ɗan fi iya aikin yatsu, irin riƙe fensir, musamman maza. A Katmandu ta Nepal, ƙasar da talaucinta ya fi kusa da namu, an gwada jarirai 540, kuma a wata na 8 ƙarancin jini ya sauko daga kashi 82 zuwa kashi 73. Ragin bai kawar da matsalar ba, kuma ba na so wani ya fita yana cewa jinkirin cibiya ya ishe mu. Gidan sauro yana nan, maganin ƙarin jini na masu ciki yana nan, zuwa awo yana nan. Amma duk sauran sai an saya ko an jira a kawo. Wannan kaɗai ne ba ya cin ko kwabo.

Ga bakwaini kuwa maganar ta wuce ta ƙarancin jini, ta zama ta rai. Da aka tattara gwaje-gwaje 18 a kan jarirai sama da 2,800 da aka haifa kafin lokaci, aka buga a 2018, an ga jinkirin ya rage mutuwarsu a asibiti da wajen kashi ɗaya cikin uku. Wani babban nazari da ya fito a 2023 ya sake tabbatar da haka. Jininsu yakan fi tsayawa daidai, kuma buƙatar ƙarin jini takan ragu. Mu da bakwaininmu sai an ɗauke shi a mota an nufi Asibitin Turai ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko a bi ta Yashe a nufi Kano, duk ɗigon da ya tafi da shi a jikinsa guzuri ne. Abin takaici shi ne bakwaini aka fi yi wa gaggawa, don ganinsa ɗan mitsitsi yana tsorata ma'aikaci. Sai dai a kiyaye abu guda: kada a tatsi cibiya da yatsu zuwa jikin jaririn da bai kai mako 28 ba. An dakatar da wani gwaji a kan haka, wanda aka buga a 2019, domin zubar jini a ƙwaƙwalwa ya ƙaru ga irin waɗannan jarirai. A bar jinin ya shiga da kansa.

Yanzu ga yadda aikin yake. Jariri ya fito, ki duba agogo, ki ɗora shi a kan cikin uwarsa. Ki goge shi sarai da busasshen zane mai tsabta, ki jefar da jiƙaƙƙen, ki lulluɓe su biyun da wani, fatarsa a kan fatarta, ki rufe masa kai. Da ana cewa sai an riƙe jariri ƙasa da uwa jinin zai gangara. An gwada a Ajantina, aka buga a 2014, aka ga wanda ke kan cikin uwarsa yana samun jini daidai da wanda aka riƙe a ƙasa. Cikin mintin farko ki yi wa uwa allurar oksitosin, bayan kin shafa ciki kin tabbatar ba wani ɗan a ciki. Allurar ba ta jiran cibiya, cibiyar ma ba ta jiran allura. Kafin ki gama waɗannan minti 1 ya wuce. Ki taɓa cibiyar kusa da jariri, in tana harbawa kuma tana cike ki ƙara haƙuri har minti 3, ko har ki ga ta yi fari ta yi laushi. Sannan ki ɗaure, ki yanke. Ba zaman banza kika yi ba, aikin da dole ki yi ne kika sauya wa jeri.

Na san abin da ke zuciyar ma'aikaciyar da ke kwana ita kaɗai, mata uku na naƙuda, wuta ta ɗauke, dangi a bakin ƙofa suna cewa Malama a taimaka. Ba na raina wannan. Amma minti 2 da za ki ƙara ba su ne za su hana ki kai wa ga ta gaba ba, kuma jaririn da ke kwance a ƙirjin uwarsa ya fi zama lafiya da wanda kika ajiye a tebur shi kaɗai.

Akwai inda ba a jira. Babba shi ne jaririn da ya fito bai yi kuka ba, ba ya numfashi. Ki goge shi, ki murza masa baya sau biyu ko uku tun cibiya na haɗe, domin da yawa a nan suke farfaɗowa. In bai yi numfashi ba, kuma ba yadda za a hura masa iska a gefen uwarsa, to a ɗaure a yanke nan take a kai shi inda jakar hura iska take, kafin mintin farko ya cika. Iska ta riga jini a wannan hali. Haka in uwa na zubar da jini sosai, ko mabiyiya ta ɓalle tun kafin haihuwa, ko ita ce ta tare hanya, ko cibiyar ta tsinke. In cibiya ta naɗe wuya, a fara gwada zare ta ta kan jaririn kafin a yi tunanin almakashi. Mace mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ma a jinkirta wa ɗanta, abin da ke kare shi shi ne magungunan da ita da shi ke sha.

Sai batun shawara, wanda shi ne tsoron da ke da tushe. Jini in ya yi yawa, abin da ke fashewa daga cikinsa ma yakan ƙaru. Nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 15 a kan mata da jarirai kusan 4,000 a 2013 ya nuna waɗanda suka buƙaci a sa su a fitilar shawara sun tashi daga wajen 3 cikin 100 zuwa wajen 4 cikin 100. Nazarin nan dai shi ne ya nuna jinkirin bai ƙara wa uwa zubar jini ba. Ƙarin shawarar kaɗan ne, amma a wurinmu ba abin wasa ba ne, don fitilar ba a ko'ina take ba, kuma mai jego tana cikin ɗaki mai duhu har suna. Saboda haka duk wanda ya karɓi haihuwa, wajibinsa ne ya koya wa uwa da kaka su fito da jariri haske kullum da safe, su duba farin idonsa, su danna hancinsa ko goshinsa su ga launin da ke ƙasa. In ya yi rawaya tun ranar farko, ko rawayar ta sauko tafin hannu da na ƙafa, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya sauya, asibiti za a nufa a ranar. Shanya shi a rana ko ɗura masa ruwan gulukos ba magani ba ne. Kuma a raba kayan jariri da kafur ɗin da ake zubawa a akwati, domin akwai yaran da jininsu ke fashewa saboda shi, kuma irinsu suna da yawa a ƙasar nan.

Na ce zan dawo kan haihuwar gida. Binciken 2018 ya nuna a yankinmu na arewa maso yamma wajen mace 16 cikin 100 ce kawai ke haihuwa a asibiti. Ina roƙon a zo asibiti, kuma ba zan gaji da roƙon ba, domin zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda ba sa ba da sanarwa. Amma wadda haihuwa ta zo mata a ɗaki, ku ne a kanta. Inna, jiranki daidai ne, abin da ba daidai ba shi ne a bar jariri kwance a ƙasa, jiƙe, cikin hunturun Disamba, ana jiran mabiyiya ko ana jiran ki iso daga wata unguwa. Sanyi yana kashe jariri cikin sauri fiye da yadda ake zato. Ku gaya wa matan gida cewa ba laifi a ɗaga shi da cibiyarsa a haɗe a ɗora shi a jikin uwarsa a rufe. In ya kama nono ma ya fi, don tsotsonsa yana taimakon mahaifa ta tsuke. Kada a ja cibiya da ƙarfi don mabiyiya ta fito, in ta wuce rabin sa'a ba ta faɗo ba, ko jini na zuba, a nemi abin hawa. In an zo yanka, a wanke hannu da sabulu, a buɗe sabuwar reza daga takardarta a gaban kowa, a ɗaure da zaren da aka tafasa. Bayan nan ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma ko kasko. Duk jinin da kika bar wa yaro zai tashi a banza in ciwon sarƙe haƙora ko ruɓewar cibiya ya shiga ta wurin yankan. Akwai man kuloheksidin da ake shafawa sau ɗaya kullum. Jihar Sakkwato ce ta fara raba shi gida gida a 2013, yanzu kuwa yana cikin tsarin ƙasa. A cibiya ake shafa shi, kada ya kusanci ido.

Ɗalibai, ku kuma ina da aiki gare ku. Duk asibitin da aka tura ku koyon aiki, a Kankiya ne ko Kusada ko Ingawa, ku fara duba ko akwai agogo mai nuna daƙiƙa a bangon ɗakin haihuwa, domin minti 1 a ƙiyasin mai gaggawa bai cika kai daƙiƙa 20 ba. Ku nemi izinin shugabar ɗakin a ƙara layi guda a littafin rajista, inda za a riƙa rubuta lokacin da aka ɗaure cibiya, da dalili in an ɗaure kafin minti 1. In kun tarar da babbar ma'aikaciya tana yi yadda aka koya mata da, kada ku gyara ta a gaban mai haihuwa, ku same ta a gefe da ladabi ku nuna mata ƙa'idar 2014. A ranar awo kuma ku yi wa masu ciki bayani tun da wuri, don kada uwa ko mai rakiyarta su ga an tsaya ba a yanke ba su ɗauka sakaci ne. Bayan wata 6 ku kawo mana abin da rajistar ta nuna, mu zauna da malamanku mu duba.

Yanzu zan karɓi tambayoyi, kuma ina so iyayenmu ungozomomi su fara.